Yajin aikin kaji da zakaran Mosko: shin tsofaffin fina-finan katun sun yaƙi ƙungiyoyin ƙwadago?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan wani gajeren fim ne na katun da Walt Disney ya fitar a 1925, mai suna Alice's Egg Plant, tun zamanin da fina-finai ba su da sauti, kuma tun kafin a ƙirƙiri Mickey Mouse. A cikinsa wata yarinya mai suna Alice da muzurunta Julius suna da gonar kaji, sai aka ba su kwangilar kawo ƙwai 5,000. Ana cikin haka sai ga wani baƙon zakara mai suna Little Red Henski ya iso, kuma an nuna ƙarara cewa ɗan kwaminisanci ne daga Rasha. Ya tara kajin ya zuga su, suka ajiye aiki, suka fito da kwalaye suna neman a rage musu sa'o'in aiki, a kuma yarda su riƙa saka ƙananan ƙwai. Maimakon a zauna da su a sasanta, sai Alice da Julius suka shirya damben zakaru biyu, suka ce kuɗin shiga ƙwai ɗaya ne, kuma kajin nan da suka sha alwashin ba za su ƙara saka ƙwai ba su ne suka yi layi, kowace ta saka nata domin ta samu shiga kallo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda saƙon ya fito fili haka a cikin abin da muka saba ɗauka wasan yara ne. An nuna ma'aikata ba su da wani koke na kansu sai da baƙo ya zo ya cusa musu, an mayar da buƙatunsu abin dariya, sannan an nuna cewa ɗan ƙaramin nishaɗi ya isa ya wargaza haɗin kansu. Don haka nake tambayar waɗanda suka san tarihin wannan sana'a: shin wannan fim shi kaɗai ne, ko kuwa akwai irinsa da yawa a wancan zamani? Idan akwai, da gangan masu kamfanoni suka riƙa saka wannan saƙo domin su raunana ƙungiyoyin ƙwadago, ko kuwa masu zane ne kawai suke ɗauko abin da ke bakin mutane su yi barkwanci da shi?

Malamin Fim ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ne na farko ba. Amma kafin a kai ga sauran, ya kamata a gyara wani zato, domin katun na wancan lokaci ba na yara ba ne kaɗai. Ana nuna shi ne a gidajen sinima kafin babban fim, tare da labaran mako, ga zauren da ke cike da manya, kuma da yawa daga cikinsu ma'aikatan masana'antu ne da suka san yajin aiki a jikinsu.

Zakaran nan na Mosko ɗan shekarar 1919 ne, ko da yake sai bayan shekara shida ya fito a allo. A wannan shekara kimanin ma'aikata miliyan 4 suka shiga yajin aiki a Amurka, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan ƙasar. A watan Fabrairu birnin Seattle ya tsaya cak na kwana biyar, a watan Satumba 'yan sandan Boston suka ajiye aiki, kuma a cikin wannan wata ne ma'aikatan ƙarafa sama da 300,000 suka bi sahu. Duk wannan ya zo ne shekara biyu kacal bayan juyin juya halin Rasha na 1917, saboda haka jaridu da masu masana'antu suka samu bayani mai sauƙi a hannu, cewa ba tsadar rayuwa ba ce ko tsawon sa'o'in aiki, hannun baƙi ne. Ministan shari'a A. Mitchell Palmer ya jagoranci kamen mutanen da ake zargi da ra'ayin juyin juya hali, kuma a Disamban 1919 aka ɗora mutum 249 a jirgin ruwa aka tasa ƙeyarsu zuwa Rasha. Ƙungiyar da ta fi shan wannan zargi ita ce IWW, wadda aka kafa a Chicago a 1905 da burin haɗa dukkan ma'aikata, ƙwararru da marasa ƙwarewa, a inuwa ɗaya.

A wannan yanayi ne kamfanin motoci na Ford, wanda ke da sashen shirya fina-finai nasa yana rarraba wa gidajen sinima, ya fitar da wani gajeren katun mai suna Uncle Sam and the Bolsheviki-I.W.W. Rat. An nuna Uncle Sam, wato dattijon da ke wakiltar Amurka, a matsayin manomi a cikin rumbunsa, ga buhunan hatsi da aka rubuta musu cewa su ne cibiyoyin Amurka. Sai wani ɓera mai ɗauke da sunan 'yan Bolshebik, wato 'yan kwaminisancin Rasha, da na IWW ya fito daga rami yana neman ya ci hatsin, manomin ya ɗauki shebur ya kashe shi, ya jefar da gawar waje. A nan babu wata tantama a kan niyya, domin mai masana'anta ne ya biya kuɗin aikin, kuma kamfanin bai amince da ƙungiyar ma'aikatan motoci ba sai a 1941. Ki lura cewa ɓera ba a zama da shi a tattauna, kuma wannan shi ne dukkan amfanin zaɓar sa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne On Strike na 1920, daga jerin Mutt da Jeff, wanda aka samu kwafinsa a ma'ajiyar fina-finai ta Ostareliya bayan an daɗe ba a gan shi ba. Mutt da Jeff, waɗanda su kansu zane ne, sun ga irin daular da mai su, Bud Fisher, yake ciki, sai suka nemi kaso mai tsoka daga ribar da kuma ragin sa'o'in aiki. Da ya ƙi, suka tafi yajin aiki, suka ce za su shirya fim ɗinsu da kansu. Aka nuna su suna ta fama da tarin takardu da kyamara, suka gama, aka haska fim ɗin, 'yan kallo suka yi tir da shi, su kuma suka koma wurin maigida suna neman ya mayar da su aiki. Darasin a bayyane yake, cewa basira tana wurin mai kamfani, ma'aikaci kuwa ba ya iya komai idan ba a tsaya a kansa ba. Abin mamakin shi ne a zahiri akasin haka ne ya faru. Fisher mai zanen barkwanci ne a jarida, kuma ba shi ne yake zaunawa ya zana waɗannan fina-finai ba. Mutane irin su Raoul Barré da Charles Bowers da ma'aikatansu ne suka yi ta wannan aiki, sunan Fisher kuma shi ne a allo. Wato waɗanda aka danne sunansu ne aka sa su zana labarin da ke cewa ba su da amfani in babu maigida.

Saboda haka amsata ga tambayarki ta biyu ita ce iri biyu ne. Akwai farfaganda tsagwaronta da aka biya aka yi, kamar ɓeran Ford, akwai kuma barkwancin da ya ɗauki ra'ayin mai kamfani a matsayin abin da kowa ya sani, kuma kajin Alice a nan suke.

Mai Alƙalamin Zane ya amsa:

Malam ya kawo bayani mai gamsarwa, kuma ban da ja a kan ɓeran Ford. Amma ina ganin akwai haɗarin mu tattara fim uku ko huɗu mu ce su ne dukkan zamanin, alhali an yi ɗaruruwan gajerun katun a shekarun 1920 waɗanda ba ruwansu da wannan batu, sannan akwai wanda ya bi ta ɗaya ɓangaren. A 1923, shekara biyu kafin kajin Alice, aka fitar da Felix Revolts. Felix shi ne muzurun da ya fi kowane zane farin jini a duniya a lokacin. A cikin fim ɗin mutanen gari sun wulaƙanta shi, hukumar garin ta yanke shawarar korar kyanwoyi, sai ya tara 'yan'uwansa ya yi musu jawabi, suka janye daga aiki, suka sakar wa ɓeraye gari. Da ɓarna ta yi yawa, hukuma ta sauko ta nemi sulhu, kyanwoyi suka koma da mutuncinsu. Wannan yajin aiki ne da ya yi nasara, kuma shugabansa shi ne jarumin fim. Idan da akwai wata manufa guda da dukkan kamfanoni suka amince a kanta, da wannan bai fito ba. (Shi ma Felix, af, Otto Messmer ne ke zana shi, amma sunan Pat Sullivan ne a allo, don haka maganar Malam a kan danne suna ta shafe shi.)

Ni da na san yadda ake wannan aiki, ina ganin dole a yi la'akari da matsin lokaci. Gajeren fim ɗaya yana cin dubban zane, kuma mai rarraba fina-finai yana jiran sabo duk bayan 'yan makonni. Ba a rubuta cikakken labari kamar yadda ake yi yanzu. Mutane kaɗan ne za su zauna su ce wannan karon gonar kaji ce, sai kowa ya kawo abin dariyar da za a iya yi da kaza da ƙwai. Yajin aiki abu ne da ke cikin jaridu kullum, yana da sauƙin zanawa, domin da zarar an ga layin masu kwalaye kowa ya gane ba sai an rubuta bayani ba, kuma wannan babban abu ne a fim marar sauti. Neman a riƙa saka ƙananan ƙwai kuwa, ni a ganina, raha ce mai kyau tun kafin ta zama siyasa, kuma duk wanda ya ga girman ƙwai ya ga girman kaza zai iya tausaya wa mai wannan buƙata. Shi kansa Julius ba a nuna shi a matsayin shugaba mai tausayi ba, an nuna shi yana tsaye a kan kajin yana matsa musu.

Sannan mu tuna wane ne Disney a 1925. Saurayi ne ɗan shekara 23, wanda kamfaninsa na katun na farko ya karye a Kansas City a 1923, ya koma Los Angeles shi da yayansa Roy suna aiki da ma'aikata 'yan ƙalilan, kuma su kansu a ƙarƙashin mai rarraba fina-finai suke, Margaret Winkler da mijinta Charles Mintz. Babu wata ƙungiyar masu zanen katun da ke yi masa barazana a lokacin. Mahaifinsa Elias ma mai ra'ayin gurguzu ne, mai goyon bayan Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu na Amurka. Mun san abin da Disney ya zama bayan yajin aikin masu zanensa na 1941, shi ya sa muke komawa baya muna karanta wannan fim da idon abin da ya faru daga baya, kuma ina ganin hakan bai cika zama adalci ga tarihi ba.

Tsohon Sakataren Ƙungiya ya amsa:

Ɗan'uwa Mai Alƙalami, na yarda da kai cewa ba a yi wani taron sirri aka tsara wannan ba, kuma na gode da ka kawo Felix. Inda muka rabu shi ne a kan nauyin raha. Ka ce barkwanci ne kawai aka ɗauko daga bakin mutane, ni kuma ina cewa wannan shi ne ya sa ya fi ɓeran Ford tasiri. Wanda ya ga ɓera da shebur ya san wa'azi ake yi masa, yana iya toshe kunnensa. Wanda ya yi dariya a kan kaji kuwa ya riga ya amince da abubuwa uku ba tare da an tambaye shi ba: cewa lafiya lau ake zaune kafin baƙo ya zo, cewa buƙatun ba na hankali ba ne, da kuma cewa ma'aikaci zai sayar da yajin aikinsa a kan kallon dambe. Duk wanda ya taɓa zama a teburin sasanci ya ji waɗannan maganganu uku daga bakin wakilan kamfani, musamman ta farko. Idan an ce baƙo ne ya zuga, to an huta da amsa tambayar albashi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin babu mai zugar da zai iya fitar da mutanen da ke jin daɗin aikinsu kan titi.

Hujjata ita ce abin da ya faru a cikin ɗakunan zanen kansu. Tun bayan da John Randolph Bray da Earl Hurd suka yi rajistar dabarun zane a kan takardar roba mai haske a wajajen 1914, aikin katun ya koma tsarin masana'anta. Akwai manyan masu zane da ke fitar da muhimman motsi, akwai masu cike tsakanin zane da zane, sannan akwai sashen tawada da fenti, wanda galibi mata ne kuma su ne mafi ƙarancin albashi. Da aka kafa dokar Wagner a 1935, wadda ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da tattaunawa da kamfani a ƙungiyance, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Afrilun 1937, ba a yi wata guda ba sai ga yajin aiki a kamfanin Fleischer na New York, masu Popeye da Betty Boop, bayan an sallami ma'aikata 15 da ke cikin ƙungiya. An shafe kusan wata biyar ana yi, masu yajin aikin suna tsayawa a ƙofar gidajen sinima suna neman a ƙaurace wa fina-finan kamfanin, kuma ɗaya daga cikin kwalayensu yana cewa albashin dala 15 a mako ba ya sayen alayyafo mai yawa, suna nuni da abincin da ke ba Popeye ƙarfi. Wato su ma sun iya raha, sai dai tasu a kan kwali ta tsaya, ba ta samu hawa allon sinima ba. Kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya, amma a 1938 ya kwashe ya koma Miami a jihar Florida, inda ƙungiyoyin ƙwadago ba su da ƙarfi.

Na Disney kuwa ya fara ne ranar 29 ga Mayun 1941. Kamfanin ya samu kuɗi sosai da Snow White na 1937, ya gina sabon katafaren mazauni a Burbank, sai Pinocchio da Fantasia suka kasa mayar da kuɗinsu a 1940, ga yaƙi ya rufe kasuwar Turai, aka fara rage ma'aikata. Albashi ba shi da tsari, wani yana karɓar dala 300 a mako, wani dala 12. Wanda ya jagoranci masu neman shiga ƙungiyar masu zanen katun ta Screen Cartoonists Guild shi ne Art Babbitt, kuma ba baƙo ba ne daga Mosko. Yana cikin manyan masu zanen kamfanin mafi albashi, shi ne ya raya halin Goofy, shi ya zana muguwar sarauniya a Snow White, kuma a da shi ne shugaban ƙungiyar cikin gida da kamfanin ya amince da ita, har ya gane cewa ba ta da haƙori. Korar sa ce ta tayar da yajin aikin. Aka shafe makonni, gwamnatin tarayya ta turo mai shiga tsakani, Disney ya tafi rangadin Kudancin Amurka, kuma aka kammala da amincewa da ƙungiyar.

To, wane bayani Disney ya bayar? Tun ana cikin yajin aikin ya buga sanarwa a jaridar masana'antar fim yana cewa zugar 'yan kwaminisanci ce. A Oktoban 1947 ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai mai binciken ayyukan da ake kira na ƙin Amurka, ya ambaci sunan Herbert Sorrell, jagoran ƙwadagon da ya tsaya wa masu zanen, da na David Hilberman, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatansa. Ban ce saurayin 1925 ya hango 1941 ba. Abin da nake cewa shi ne bayanin da ya yi raha da shi yana ɗan shekara 23, shi ne dai ya ɗauko da gaske yana ɗan shekara 45, kuma a karo na biyu mutane ne masu iyali aka shafa wa kashin kaji.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, musamman Baba Sakatare da ya haɗa abin da ke allo da abin da ke bayan allo. Saura abu biyu. Na farko, ana yawan cewa 'yan barkwancin da ke cikin Dumbo, fim ɗin Disney na ɗan giwa, waɗanda suka fita suna waƙar za su je su nemi ƙarin albashi wurin maigida, an zana su ne domin a yi wa masu yajin aikin 1941 ba'a, kuma ina so in ji matsayin wannan magana. Na biyu, tunda masu zanen sun iya sana'ar, shin ba a taɓa samun lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta biya aka yi mata nata katun ba?

Malamin Fim ya amsa:

A kan Dumbo, Malama, gara a yi taka-tsantsan. Gaskiya ne fim ɗin ya fito a Oktoban 1941, 'yan watanni bayan yajin aikin, kuma gaskiya ne akwai wurin da ake ganin inuwar 'yan barkwancin a jikin tanti suna shan giya, suna yaba kansu a kan wasan da ɗan giwa ne ya sha wahalarsa, sannan suka fita da waƙar neman ƙari. Marubuta da dama sun ɗauki wannan a matsayin ramuwar gayya. Sai dai an riga an yi nisa ƙwarai da aikin fim ɗin kafin ƙarshen Mayu, kuma shi kansa Babbitt yana cikin manyan masu zanen da suka yi aikinsa, saboda haka masana tarihin katun ba su haɗu a kan wannan fassara ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne siffar da aka ba masu neman ƙarin albashi, wato mashaya masu cin gumin wani, kuma wannan siffa tana aiki a kan mai kallo ko an zana ta kafin Mayu ko bayansa.

Tambayarki ta biyu kuwa amsarta e ce, kuma daga yajin aikin Disney ta samo asali. Hilberman da Zack Schwartz da Stephen Bosustow, dukkansu tsofaffin ma'aikatan Disney, sun kafa wani ƙaramin kamfani wanda daga baya ya zama UPA. A 1944 ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ta ba su aikin wani fim na yaƙin neman zaɓen Shugaba Roosevelt mai suna Hell-Bent for Election, wanda Chuck Jones na kamfanin Warner ya ba da umarni. An nuna Roosevelt a matsayin jirgin ƙasa na zamani mai gudu, abokin hamayyarsa Thomas Dewey kuma tsohon jirgi mai hayaƙi, sannan wani ma'aikacin layin dogo mai suna Joe shi ne ke riƙe da makullin sauya hanya, ana ta ƙoƙarin sa shi barci. Wannan ma farfaganda ce, ba ta fi ta Ford ɓoye niyyarta ba, sai dai a wannan karon ma'aikaci ne aka ba hankali da iko a cikin labarin. Mutanen UPA ne kuma daga baya suka kawo salon zane mai sauƙin layi da faffadan launi wanda ya sauya kamannin katun a shekarun 1950.

Ɗaya ɓangaren ma bai yi barci ba. A zamanin dokar Taft-Hartley ta 1947, wadda ta rage wa ƙungiyoyi ƙarfi, gidauniyar Alfred P. Sloan, shugaban kamfanin General Motors a lokacin, ta ba Kwalejin Harding da ke jihar Arkansas kuɗi domin a shirya jerin katun na koyar da tattalin arzikin jari-hujja, kuma John Sutherland, shi ma tsohon ma'aikacin Disney, shi ya shirya su. Wanda aka fi sani shi ne Make Mine Freedom na 1948. Ma'aikaci da mai masana'anta da manomi da ɗan siyasa suna gardama, sai ga wani mai tallar magani da ake kira Dokta Utopia ya zo da kwalbar da ya ce tana warkar da komai, sharaɗin kawai su sa hannu su miƙa 'yancinsu. Da ma'aikacin ya ɗanɗana, sai ya ga kansa a ɗaure, gwamnati ta haramta yajin aiki.

A nan ne nake ganin Baba Sakatare da Mai Alƙalami za su iya samun abin da kowannensu zai riƙe. Baƙon mai zuga yana nan bai tafi ba, ya dai sauya daga zakara zuwa mai tallar magani, kuma har yanzu daga waje matsala take zuwa. Amma a 1919 shebur aka ɗauko wa ɗan ƙungiya, a 1925 aka yi masa dariya, a 1948 kuwa fim ɗin da kuɗin shugaban General Motors ya biya yana lissafa 'yancin yajin aiki cikin abubuwan da Ba'amurke zai yi asara idan ya saurari baƙo. A tsakanin waɗannan shekaru mambobin ƙungiyoyin ƙwadago a Amurka sun tashi daga ƙasa da miliyan 4 a tsakiyar shekarun 1920 zuwa sama da miliyan 14 bayan yaƙin duniya na biyu, kuma su da iyalansu ne ke cika kujerun gidajen sinimar da kamfanin MGM ya rarraba wa wannan fim.